Darasin Kimiyya: Fankar Banɗaki Mai Lokaci da Wayoyinta Uku

Ɗalibai, a yawancin gidajenmu na Ɗantutture masai yana can kusurwar gida, samansa a buɗe, iska ce ke kwashe wari. Amma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ɗakunan haya masu banɗaki a ciki sun ƙaru a garin Dutsin-Ma, wasu ko taga babu. Irin wannan banɗaki yana buƙatar fanka mai zuƙo gurɓatacciyar iska ta fitar waje. Yau za mu ga yadda ake sauya ta idan ta mutu, musamman irin wadda ke ci gaba da juyawa bayan an kashe fitila.

Mu fara da lissafi. Banɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, tsayin mita 3 yana ɗauke da iska lita 9,000. Fankar da ke fitar da lita 15 a daƙiƙa ɗaya tana buƙatar daƙiƙa 600, wato minti 10, kafin ta kwashe wannan adadi. Mutum kuwa yakan fito kafin nan. Shi ya sa aka ƙera ta da 'yar na'urar da ke jinkirta tsayawarta. A Ingila ƙa'idar gini ta tanadi minti 15 ga banɗakin da ba shi da taga.

To, ina take samun wuta bayan an kashe makunni? Nan ne cibiyar darasin. Fanka ta gama-gari waya biyu take ci: mai kawo wuta da mai mayarwa. Mai lokaci kuwa uku take ci. Ta farko tana shiga ramin da aka rubuta L, kuma wuta ba ta yankewa a cikinta dare da rana. Ta biyu tana biyowa ta makunnin fitila, ramin nata wasu kamfanoni sukan rubuta SL, wasu T. Aikinta sanar da fanka cewa an kunna fitila. Ta uku ita ce mai mayarwa, a ramin N. Idan aka kashe fitila, saƙon waya ta biyu ya yanke, sai na'urar ta fara ƙidaya, fanka na shan wuta daga ta farko har lokacin ya cika.

Saboda haka kashe makunnin bango bai kashe wutar da ke cikin fankar ba. Bolt 230 na nan kwance a waya ta farko, kuma ya isa ya tsayar da zuciyar babban mutum, balle a wuri mai jiƙaƙƙen daɓe. Haka nan kada kowa ya ce ai KEDCO sun ɗauke wuta, bari in yi sauri. Ana iya dawo da ita hannunka na kan waya, kuma gida mai janareto ko sola yana da wata hanyar shigowar wuta. A kashe daga babban akwatin wutar gida, a gwada kowace waya da na'urar awo wadda aka fara tabbatar da lafiyarta a soket mai wuta.

Kafin a kwance tsohuwar fanka, a ɗauki hoton haɗin, a liƙa wa kowace waya alama. Launi kaɗai ba abin dogaro ba ne. A tsohon tsarin da masu gyaran wutarmu suka saba da shi, ja ce mai wuta, baƙa mai mayarwa. A tsarin da Birtaniya ta koma a 2004, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya mai mayarwa, baƙa kuma tana iya ɗaukar wuta. Wayar ƙasa kuwa, wato ta kariya, idan fankar ta roba ce, a killace bakinta, kada a yanke ta.

Bayan an haɗa, a rufe murfi kafin a mayar da wuta. Idan fanka ta tsaya tare da fitila nan take, wataƙila an musanya waya ta farko da ta biyu. Idan waya biyu kacal aka tarar a bango, tsohuwar ba mai lokaci ba ce, sai ƙwararren mai gyaran wuta ya jawo ta uku.

Aikin gida: fanka mai wat 20 a kan bolt 230, amfiya nawa take ja, kuma me ya sa fis mai amfiya 3 ya ishe ta?