Rauta Ɗaya, Sunaye Biyu: Wace Na'ura Za Ta Hau Wanne?

Jama'ar Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji: Sana'ata haɗa intanet a gidaje da shaguna da makarantu. Ƙorafin da ya fi yawa a wurina shi ne: "Mun sayi rauta mai tsada, mun zuba data, amma a ɗaki ba ta ja." Sau da dama rautar lafiyarta ƙalau, layin ma da sabis. An dai ɗora na'urori ne a kan zangon da bai dace da su ba.

Idan ka buɗe Wi-Fi a wayarka, kana iya ganin sunaye biyu masu kama da juna. Ɗaya ya ƙare da 5G ko 5GHz, ɗayan da 2.4G ko ba komai. Daga akwati ɗaya suke fitowa, data ɗaya suke ci, zango ne ya raba su. Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango yana cin nisa, FM kuwa ya fi fita tangaran amma da ka yi nisa sai ya ɗauke. Kusan haka 2.4 da 5 suke a cikin gida.

Wannan 5G ɗin ba shi ne na kamfanonin waya ba. Wancan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangonsa a Disamba 2021, MTN ya fara shi a 2022, Airtel a 2023, kuma tsakanin eriyar kamfani da layinka yake aiki. Na jikin sunan Wi-Fi kuwa tsakanin rauta da wayarka kawai yake. Rautar 4G ma tana nuna shi, don haka kada mai shago ya ƙara maka kuɗi da wannan hujjar. Kuma babu zangon da zai ba ka gudun da ya fi abin da ya shigo daga eriya. A tsakanin duwatsun Riruwai ko ƙauyukan bakin dajin Falgore, fara neman inda sabis ya fi ƙarfi, kusa da taga kuma a sama, ka ajiye rautar a nan.

Zangon 2.4 ya fi ratsa bango. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu masu katangar ƙasa mai kauri, rufin kwano da ƙofofin ƙarfe, balle da damina, don jiƙaƙƙen bango ya fi shanye sigina. Aibinsa cunkoso. Tashoshi uku kacal gare shi da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, kuma a kansa Bluetooth yake aiki. A wuri kamar Kwanar Ɗangora, inda shaguna ke manne da juna, ƙananan rautocin MiFi na maƙwabta duk a nan suke turereniya. Zangon 5 ya fi gudu, tashoshinsa sun fi yawa, sai dai bango biyu ko uku sun isa su karya shi.

Ga yadda nake rabawa. Talabijin mai intanet, kwamfuta, da wayoyin da ke ɗaki ɗaya da rauta ko ɗakin da ke kusa, su hau 5, musamman don kiran bidiyo da karatu ta intanet. Wayoyin zaure da ɗakunan ƙuryar gida, da tsofaffin wayoyi, su hau 2.4. Kyamarar tsaro ta ƙofar gida da 'yar na'urar da ke aiko bayanin inbatar sola, yawancinsu 2.4 kaɗai suka sani. Idan ka raba haka, kowane zango ya samu sarari.

Wasu rautocin suna haɗe zangon biyu a suna ɗaya, su zaɓa maka da kansu. A ƙaramin gida babu laifi. Amma shi ne yakan sa kyamara ta ƙi haɗuwa, ko waya ta maƙale a zango mai rauni. Duba takardar da ke manne a ƙasan rautar, za ka ga adireshin shiga, galibi 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Shiga saitin Wi-Fi, kashe Smart Connect ko Band Steering, ka ba kowane zango sunansa. Starlink, da ya shigo Najeriya a Janairu 2023, shi ma a haɗe yake zuwa, ana rabawa a manhajarsa. Da ka canza suna duk na'urori za su sauka, sai ka sake haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Sunan nan, da ake rubutawa SSID, yana ɗaukar haruffa har 32, kuma duk mai wucewa ta ƙofar gidanka yana ganinsa. Kada ka sa sunanka, na iyalinka ko lambar wayarka. Ɓoye shi ma ba tsaro ba ne. Tsaro yana ga WPA2 ko WPA3 da kalmar sirri mai haruffa 8 zuwa sama, wadda ba lambar waya ba, tare da canza kalmar shiga saitin da rautar ta zo da ita. Ku sani kuma kowa zai iya kwaikwayon kowane suna. Idan ka ga Wi-Fi a buɗe da sunan banki ko makaranta, kada ka shiga asusunka ta kansa.

Ina roƙon magidanta da masu shaguna, kafin ku sayi sabuwar rauta ko ku canza layi, ku gwada wannan rabon. Matasan da suka iya kuma, don Allah ku taimaka wa iyayenmu da maƙwabta ku saita musu.