Yadda ake auna zafin faifan sabon tauraro

Maƙerin Magariya ba ya taɓa ƙarfe da hannu don ya san zafinsa. Launi yake dubawa. In ƙarfe ya yi ja, ya ɗauki wuta. In ya yi fari, zafi ya kai matuƙa.

Haka masana taurari suke yi. Sabon tauraro yana tsakiyar wani babban faifai na iska da ƙura, mai juyawa. Masana sun ce daga irin wannan faifai duniyar nan ta samu.

Ba mai iya kai ma'aunin zafi can. Amma cikin faifan akwai irin muguwar iskar nan ta gawayi, mai kashe mutum cikin rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Tana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Gwargwadon zafinta, gwargwadon ƙarfin haskenta.

A ƙasar Cile, a Amurka ta Kudu, an kafa manyan kwanuka 66 masu kama wannan haske. Sunansu ALMA. A 2014 sun ɗauki hoton faifan tauraron HL Tau, wanda ke gefen Kaza da 'Ya'yanta.

Awo ya nuna kusa da tauraro akwai zafi. Can nesa kuwa, sanyi yana kai digiri 250 ƙasa da sifiri. A wajen zafi, ruwa tururi ne. A wajen sanyi, ƙanƙara ne. Wannan ke nuna inda duniya mai dutse za ta samu, da inda ruwa ke taruwa.

Tambaya: Me ya haɗa maƙeri da masanin taurari?