Amsar Tambaya: Yaya Ake Busar da Itacen da Ya Daɗe Cikin Ruwa?

Itacen da ya daɗe cikin tabki, ko cikin lakar kwarin Tarka a yankin Dakoro, yakan yi duhu, domin sinadarin jima da ke jikinsa yana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin laka. Haka itacen oak na Turai yake baƙi ƙirin bayan ɗaruruwan shekaru a fadama.

Babban haɗari wajen busar da irin wannan itace shi ne gaggawa. In aka shanya shi a rana, ko iskar hunturu ta buge shi, bayansa zai bushe alhali cikinsa da danshi, sai ya tsage. Gara a wanke lakar, a ɗora shi bisa duwatsu a inuwa don gudun gara, a shafe bakinsa biyu da kakin zuma, a rufa masa buhu. Gungumen kirya da za a sassaƙa turmi da shi yana buƙatar watanni.

Ana gane ya bushe idan nauyinsa ya daina raguwa. Mai kyau yana ƙara sarai in an ƙwanƙwasa shi. Ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dakushe yake, bakin wuƙa na shigarsa ba wuya.