Albashin 70,000: Wa Ya Shiga, Wa Aka Bari A Waje?

Darasinmu na yau kan albashin ma'aikatan kamfanoni ne, musamman mu mutanen tsallaken kogi, Kakuri, Makera, Nasarawa har Kudenda.

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Da yawa sun ɗauka kowa ya samu. Ina! Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ta shafi wanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da ya yi ba. Dokar fansho ta 2014 ma, mai cewa kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, tilascinta daga ma'aikata 15 yake farawa.

To yanzu ku duba, ina 'ya'yanmu suke aiki? Gidan burodi, gidan ruwan leda, ƙaramar makarantar kuɗi, shago. Wato wanda ya fi kowa buƙatar doka shi aka bari a waje, sai tazarar da ke tsakaninsa da ma'aikacin babban kamfani ta ƙara faɗi. A manyan ma akwai dabara: a ɗauko mutum ta hannun ɗan kwangila. Mutum biyu kan inji ɗaya, gumi ɗaya, wannan yana da fansho da hutu, wancan ranar da ya kwanta ciwo ba shi da ko sisi.

Iyayenmu sun san wani yanayi daban. Bayan da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ce ke zama da masu kamfani a yanke albashi a dunƙule. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sai kowa ya koma cinikin guminsa shi kaɗai, kuma mai jin yunwa ba ya iya ciniki.

Alhaji mai ma'aikata goma, ni dai a fahimtata gwamnati ce ta ɗauke maka, haƙƙin wanda ya yi maka aiki yana nan a wuyanka. Kai kuma ma'aikaci, dokar ƙwadago ta wajabta a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Ka nema, ka adana ta.