Amsoshin Tambayoyinku: Mazaunin Reshen Murjani

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya ga hoton tankin gilashi na ruwan teku, da rassan murjani a kan wasu ƴan fararen abubuwa. Yana tambaya, mene ne su?

To, Malam, murjani dai dabba ce mai rai. Idan aka yanki ɗan reshensa aka dasa, zai ci gaba da girma. Abin da ka gani mazaunin dashen ne. Siffarsa kamar laimar kwaɗi: faifai a sama, mai faɗin santimita 2 zuwa 3, da ƙafa guda da ake zurawa cikin ramin ragar roba, don kada ruwa ya kifar da shi. Ana liƙa reshen da gam irin Super Glue mai kauri, wanda ke kamawa ko a jiƙe.

Akwai na tangaran, akwai na siminti. Na siminti sai an jiƙa shi makonni ana sauya ruwa, in ba haka ba ya ɓata ruwan tankin. Ni dai na fi yarda da mai kaushin fuska, domin murjanin ya fi samun wurin kamawa.

Farin mazaunin kam bai da kyan gani, shi ya sa wasu ke yanke ƙafar su liƙa faifan a jikin dutse. Bayan watanni murjanin zai malale ya rufe shi, wata gansakuka mai ruwan shunayya ta lulluɓe sauran. Cibiyar Mote da ke Florida a Amurka ma haka take renon murjani kafin ta mayar da shi teku.