DARASI: ABIN DA NAS KE NEMA A ƘIRJIN ALHAJI A JIDDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Darasinmu na wannan fitowa ya ɗan kauce wa nahawu da sarfu da muka saba. Da yawa daga cikinku Allah zai nufe ku da rakiyar Baba ko Inna zuwa Hajji ko Umra, kuma ku ne za ku zama bakinsu. A Jidda, a filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, akwai zauren alhazai mai rufi kamar tantuna wanda aka buɗe a 1981, kuma a cikinsa akwai wuraren duba marasa lafiya. Idan tsoho ya yi laushi a nan, ko wajen shiga ko wajen komawa gida, nas ce za ta fara tarbarsa, watau mumarrida da Larabci. Wata Balarabiya ce, wata 'yar Indiya, wata 'yar Filifin. Ba ta jin Hausa, shi kuma ba ya jin nata.

Ku tuna abin da ke jiran wannan tsoho. Daga Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne. Sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, ban da ɗawafi da Mina da Arfa da jifa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Zafi yana tilasta wa zuciya ninka aiki, shi ya sa ciwon zuciya ke cikin manyan abubuwan da ke kashe alhazai.

Nas takan fara da tambaya. Za ku ji alam, watau ciwo, da sadr, watau ƙirji. Tana son ta san ko ciwon kamar an ɗora dutse ne, ko yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko tafiya ce ke ta da shi ya lafa in an zauna. Za ta tambayi dauka, watau jiri, da diƙut tanaffus, ƙuncin numfashi. Har matashin kai nawa yake sawa da dare za ta iya tambaya, domin zuciyar da ta gaza takan bar ruwa ya taru a huhu, mutum ya kasa kwanciya a miƙe.

To, a nan matsalarmu take. Dattawanmu na zango, in ka tambaye su jiki, sai su ce da sauƙi, ko da gumi na tsattsafo musu. Wani kawuna ya shekara yana shan maganin hawan jini, amma da lokacin tafiya ya zo sai ya ɓoye kwalbar, wai kada a hana shi aikin da ya tara wa kuɗi shekara ashirin. Na fahimci tsoronsa, domin sharuɗɗan lafiya na Saudiyya sun hana mai gazawar zuciya mai tsanani zuwa Hajji. Amma hawan jinin da ake sha wa magani bai hana kowa ba. Kai mai fassara, idan Baba ya ce da sauƙi alhali ka ga ya tsaya sau uku tsakanin jirgi da zaure, faɗi abin da ka gani. Wannan ba saɓa wa iyaye ba ne. Idan kuma yana da ciwon suga, ka ambata tun farko, domin irinsu zuciya kan kamu ba tare da ciwon ƙirji ba, sai dai gajiya da gumi da tashin zuciya.

Bayan tambaya sai dubawa. Za ta kalli leɓe da farce ko sun yi duhu, ta kalli jijiyar wuya ko ta kumbura. Za ta danna farce ta saki. Jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. Za ta danna ƙwauri da yatsa, in gurbi ya zauna, ruwa ne. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi bayan doguwar zama a jirgi, ana tsoron gudan jini ne, kada ka yarda kowa ya matsa ta.

Sai awo. Nabd shi ne bugun jini a wuyan hannu, ga babba a zaune 60 zuwa 100 a minti, kuma tana lura ko yana tsallake. Dagtud dam shi ne awon jini: kusa da 120 bisa 80 ya yi kyau, 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne. Ɗan abin da take maƙalawa a yatsa iskar da ke cikin jini yake aunawa, ana son 95 zuwa sama. In Baba ya ci goro ko ya sha gahawa cikin rabin awa, gaya mata, suna ɗaga awon.

'Yan'uwa mata da ke jin ana raina aikin jinya, ku tuna Rufaida al-Aslamiyya. A tantinta a Madina aka yi jinyar Sa'ad bin Mu'az (RA) lokacin da kibiya ta tsinke masa jijiyar jini a hannu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira.

Kafin ku bar gida, ku je asibiti a rubuta muku sunayen magungunan tsohon da adadin da yake sha, ku sa takardar tare da fasfo, magungunan kuma a jakar hannu cikin kwalinsu, ba a ƙulle a leda ba. In yana shan maganin da ke sa yawan fitsari, ku tambayi likita yadda zai yi da shi cikin zafi. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce. Jumlar da za ku haddace kafin fitowa ta gaba ita ce: abi indahu alamun fis sadr, Babana yana da ciwon ƙirji. Ga Inna kuwa, ummi indaha.

Wassalam.