Darasi na Bakwai: Abincin Gida na Girkawa da Ma'anar "Gargajiya"

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa ba zai rasa koyar da al'adu ba, abinci kuwa yana cikin manyan rassan al'ada. Kuskuren da aka fi yi a aji shi ne a ɗauka cewa duk abin da aka kira na gargajiya, haka yake tun kaka da kakanni. Wannan darasi zai dubi abincin gida na mutanen ƙasar Girka, da ke kudu maso gabashin Turai, domin ɗalibi ya ga yadda tsoho da sabo suke haɗuwa a tukunya ɗaya. (Sunan ƙasar ba shi da dangantaka da kalmar "girka" ta ɗora tukunya. Dacewa ce kawai, kuma yara za su tambaya.)

2.0 Tushen Girkin

Tun zamanin dauri, alkama da zaitun da inabi su ne ginshiƙan abincin Girkawa. Ƙasar mai yawan duwatsu ce da tsibirai, saboda haka tumaki da awaki sun fi shanu dacewa da ita. Daga nonon tumaki, wani lokaci a haɗa da na awaki, ake yin cukun nan mai gishiri da ake kira feta.

Abu na biyu shi ne addini. Galibin Girkawa Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Otodoks. Azuminsu ba barin ci da sha ba ne gaba ɗaya. Ƙaurace wa nama da ƙwai da madara ne a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma makonni bakwai kafin bikin Ista. Wannan ya sa uwargida ta gwanance wajen sarrafa wake da ganye. Akwai rukunin abinci guda da suke kira ladera, wato "masu mai", inda ake dafa kayan lambu a cikin man zaitun da tumatir ba tare da nama ba. Masu tsananta azumi har man sukan bari a wasu ranaku.

Misali mafi kyau shi ne fasolada, miyar farin wake, wadda Girkawa da dama ke ɗauka abincin ƙasa. Ana jiƙa wake kimanin rabin kilo ya kwana. Da safe a tafasa shi kaɗan, a zubar da ruwan farko, a zuba sabo. Sai a sa albasa da karas da seleri da markaɗaɗɗen tumatir, a rage wuta, a bar shi ya nuna a hankali na tsawon awa ɗaya da rabi ko biyu. Man zaitun ba a yi masa rowa, domin shi ke ba romon kauri. Ana ci da burodi da 'ya'yan zaitun. Abinci ne na talaka da na lokacin sanyi, kuma a ganina ya fi bayyana rayuwar gidan Bagirke a kan duk abin da ake kai wa baƙi a otal.

Idan azumi ya ƙare, bayan ibadar tsakar daren Ista, ana buɗe baki da magiritsa, romon kayan cikin ɗan rago da aka ɗaure da ƙwai da lemon tsami.

3.0 Tsoho da Sabo

A nan ne ɗalibi zai lura sosai. Tumatir da ke cikin fasolada asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma sai a ƙarni na 19 ya shiga girkin Girkawa. Haka ma dankalin Turawa. Ke nan Girkawan dauri ba su taɓa ɗanɗana su ba.

Musaka, wadda ta fi kowane abincinsu suna a duniya, ta fi wannan ƙuruciya. Ana jera soyayyen yalo irin babban nan mai baƙar fata, a shimfiɗa niƙaƙƙen nama, a rufe da farar miya mai kauri ta madara da fulawa da man shanu, sannan a gasa. Wannan farar miya dabarar Faransawa ce, kuma ana danganta ɗora ta a kan musaka ga kuku Nikolaos Tselementes (1878–1958), ɗan tsibirin Sifnos, wanda ya so ya kusanta girkin ƙasarsa da na Yammacin Turai. Littafinsa ya shiga gidaje har sunansa ya zama ma'anar littafin girki a harshensu.

A 1923 kuma an yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya. Fiye da mutum miliyan ɗaya da suka baro yankin Turkiyya a waɗannan shekaru sun zauna a Girka, suka zo da girkinsu. Daga cikinsa akwai suzukakiya, curin nama mai tafarnuwa a cikin miyar tumatir, wadda har yau ake jingina ta ga birnin Simirna, wato Izmir.

4.0 Auna Fahimta

1. Bayyana yadda azumi ya yi tasiri a kan girkin Girkawa.
2. Me ya sa ba za a ce musaka ta yau abincin Girkawan dauri ce ba?
3. Tumatir da barkono da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo. Zaɓi abincin Hausawa guda da ɗayansu ke ciki, ka tsara yadda za ka koyar da shi ga 'yan aji biyar na firamare, ka nuna musu abin da yake tsoho da abin da ya shigo daga baya.